Ƙananan Ƙattai na Sin: Shin Tallafin Yana Isa Wurin Mai Kawo Musu Kaya?

A watan Janairun 2016, firaministan Sin na lokacin, Li Keqiang, ya je birnin Taiyuan taro kan ƙarfe da kwal da suka yi wa ƙasar yawa har ana rasa mai saye. A tsakiyar wannan taro ne ya kawo zancen biro. Ƙasar da ke da kamfanonin biro kusan 3,000, take ƙera biro wajen biliyan 38 a shekara, ga ƙarfe jibge kamar ƙasa, amma ba ta iya yin irin ƙarfen da ake ƙera bakin biro da shi. Ɗan tsinin nan da ƙwallo ke zaune a ciki, wanda tawada ke bi ta wasu siraran magudanai kafin ta sauka a takarda, sai an sayo wayar ƙarfensa daga waje, musamman daga Japan. Sai a Janairun 2017 kamfanin ƙarfe na Taiyuan, TISCO, ya sanar cewa ya gano haɗin, bayan shekara biyar yana gwaji.

Masu biro ba su suka gaza ba. Sun iya roba, sun iya haɗawa, sun iya sayarwa a duniya, har da kasuwanninmu. Raunin yana taki ɗaya a bayansu, wurin wanda ke kawo musu kaya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya san wannan: komai iya ɗinkinsa, takalmi ba ya wuce fatar da majemi ya ba shi. Shi ya sa idan gwamnati ta ɗauki ƙaramin kamfani ƙwararre ta ce za ta ɗaga shi, tambayar da ta fi damuna ita ce abin da ke faruwa da majeminsa. Shin shi ma yana koyon sabon abu yana ƙirƙira, ko kuwa nauyi kawai ake ƙara masa?

Babu inda ake gwada wannan tambaya a aikace kamar Sin a yanzu. Sinawa suna da wata kalma, zhuanjing texin, mai gaɓa huɗu: ƙwarewa a fanni ɗaya, gogewar aiki, fita daban, da kawo sabo. Ma'aikatar Masana'antu da Fasahar Sadarwa ta fara amfani da ita tun 2011, amma shekaru da dama maganar ba ta wuce takarda sosai ba. Abin da ya hura mata wuta shi ne Afrilun 2018, lokacin da Amurka ta hana kamfanoninta sayar wa ZTE, kamfanin kayan sadarwa na Sin, kayan haɗi, cikin 'yan makonni babban kamfanin ya tsayar da manyan ayyukansa. A Mayun 2019 aka bi da Huawei. Daga nan kalmar "shaƙe wuya" ta shiga bakin kowane jami'i, ana nufin ƙaramin abin da idan aka hana ka shi, dukan masana'antarka ta tsaya cik. A shekarar 2019 ɗin aka fitar da rukunin farko na fitattun kamfanonin zhuanjing texin da aka sa wa suna "ƙananan ƙattai", guda 248. An ɗora burin kaiwa 10,000 zuwa 2025, aka wuce shi tun kafin lokaci. Zuwa ƙarshen 2024 adadin ya kai wajen 14,600.

Shiga jerin yana da sharuɗɗa, kuma ga yadda ƙa'idojin 2022 suka fayyace su a lokacin. Dole kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani ya fito daga babbar sana'arsa, kada ya zama mai hannu a ko'ina. Dole ya shekara uku aƙalla a wannan lungu na kasuwa, ya riƙe kashi 10 cikin 100 na kasuwar cikin gida a wannan lungun, bashinsa kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na kadararsa. Wanda cinikinsa ya kai yuan (kuɗin Sin) miliyan 100 a shekara sai ya nuna yana kashe aƙalla kashi 3 cikin 100 kan bincike, wanda ke tsakanin miliyan 50 da 100 kuma kashi 6. Shaidar tana aiki shekara uku, sannan a sake tantancewa.

Kuɗin da ke biyo bayan sunan bai kai yadda ake zato ba. A Janairun 2021 Ma'aikatar Kuɗi ta yi alkawarin sama da yuan biliyan 10 daga 2021 zuwa 2025 ga fiye da kamfanoni 1,000 da aka zaɓa daga cikin ƙattan. Ko da an raba daidai wa daida, rabon kowanne wajen miliyan 10 ne cikin shekara biyar, kuɗin 'yan injuna kaɗan. Larduna da birane suna ƙara tasu kyautar. Ƙarfin shirin yana cikin sunan kansa. Manajan banki da a da zai ce kawo takardar fili ko gini a matsayin jingina, yanzu yana ganin tambarin gwamnati sai ya sassauta. Asusun zuba jari na gwamnatocin larduna yana neman irin waɗannan kamfanoni. A Nuwamban 2021 aka buɗe kasuwar hannayen jari ta Beijing musamman domin ƙananan kamfanoni masu ƙirƙira. Manyan masu saye kuma, waɗanda a da ba sa kallon kayan gida, sai su yarda su gwada.

To, ta ina wannan zai isa ga mai kawo kaya? Gara mu ɗauki abu ɗaya mu duba shi da kyau.

A gaɓar hannun mutum-mutumin da ke aiki a masana'anta akwai wata irin giya, ba irin ta mota ba, wadda ke rage gudun injin lantarki ta mayar da shi ƙarfi. Guntu uku gare ta. Akwai zobe mai tauri da haƙora a cikinsa. Akwai wani kofi na siririn ƙarfe da haƙora a bayansa, yawanci haƙoransa sun gaza na zoben da guda biyu. Sai kuma wani dunƙule mai siffar ƙwai, sanye da boris mai lanƙwasuwa, wanda ke juyawa a cikin kofin yana tura bangonsa ya cije da zoben ta gefe biyu. Duk juyi ɗaya na dunƙulen, kowane wuri a bangon kofin zai lanƙwashe ya miƙe sau biyu. Injin kuwa yana juyi dubbai a minti ɗaya. Ka lissafa awa takwas, ka lissafa shekara. Kamfanin Harmonic Drive Systems na Japan ya daɗe yana riƙe da wannan kasuwa a duniya. A birnin Suzhou na Sin, kamfanin Leaderdrive, wanda ke cikin jerin ƙananan ƙattai kuma ya shiga kasuwar hannayen jari ta Shanghai a 2020, yana cikin waɗanda suka karɓe wani kaso na kasuwar cikin gida.

Kofin da ke lanƙwasuwa sau miliyoyi ba ya yafe kuskure. Idan akwai ɗigon ƙazanta a cikin ƙarfen, wanda ido ba ya gani, daga nan tsaga za ta fara. Idan wanda ya gasa ƙarfen ya tsoma shi don ya yi tauri ya wuce zafin da ake so da kaɗan, kofin zai yi gautsi. Idan giris ɗin bai jure zafi ba, haƙora za su cinye juna. Saboda haka duk wanda ke son ya ƙera wannan giya a gida, dole ya koma wurin mai narka ƙarfe, mai boris, mai giris, mai wuƙaƙen yankan haƙora, ya ce musu abin da kuke ba ni bai isa ba. A nan ne ƙirƙira ke farawa wurin mai kawo kaya, kuma ba daga ɗakin bincike take farawa ba. Daga kayan da aka dawo masa da su take farawa, da rahoton gwaji mai nuna inda ya tsage da bayan awa nawa.

Wannan rahoto dukiya ce. Ƙaramin mai ƙera boris ba shi da na'urar da za ta juya kayansa wata uku ba tsayawa ta auna lalacewarsa. Ƙaton da ya samu jari yana da ita. Idan ya aiko da sakamakon, ya aiko da injiniyansa ya zauna mako biyu a masana'antar mai boris suna sauya abu ɗaya bayan ɗaya, ilimi ya bi baya ke nan. Kamfanonin motar Japan, musamman Toyota, da haka suka gina masu kawo musu kaya tun bayan yaƙin duniya na biyu: ƙungiyar masu kawo kaya, injiniyoyi masu zuwa koyarwa, da cinikin da ke ɗaukar shekaru.

Sai maganar tabbacin ciniki, wadda a ganina ta fi ilimin nauyi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu mai sayen tanderun gasa ƙarfe na zamani saboda odar wata ɗaya. Amma idan mai saye ya samu tambarin gwamnati, ana ganin zai daɗe, ya kuma sa hannu kan odar shekara uku, mai kawo kaya zai iya zuwa banki da takardar, ya sayi tanderun, ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu da suka karanta ilimin ƙarfe. Sunan ƙaton ma yana yi masa amfani wurin wasu masu saye: wanda ya iya gamsar da mai giyar mutum-mutumi, mai famfo ba zai tsaya dogon bincike a kansa ba. Gwamnatin Sin ta fahimci wani ɓangare na wannan tsoro, wato tsoron zama na farko da zai gwada kayan gida. A 2015 ta fara biyan kaso mai yawa na kuɗin inshorar sabbin manyan injunan da aka ƙera karon farko a gida, a 2017 ta faɗaɗa tsarin zuwa sabbin sinadarai da ƙarafa. Idan kayan ya ba da matsala, inshora ta ɗauki asara. Wannan dabara ta fi ba ni sha'awa a kan kyautar kuɗi, domin ta taɓa daidai inda ke yi wa mai saye da mai sayarwa ƙaiƙayi.

Cewa tallafin ƙaramin kamfani yana malala waje, ba a Sin kaɗai aka gani ba. A Amurka, wani bincike da masana tattalin arziki Kyle Myers da Lauren Lanahan suka fitar a 2022 kan tallafin bincike da Ma'aikatar Makamashi ke ba ƙananan kamfanoni ya nuna cewa duk takardar mallakar fasaha ɗaya da wanda aka ba tallafin ya samu, wasu da ba a ba ko sisi ba suna samun kamar uku daga ilimin da ya fito. Sai dai wannan lissafin kowa da kowa ne mai aiki a fanni makusanci, ba na masu kawo kaya kaɗai ba. Mai kawo kaya yana da wata matsala da ɗan kallo ba shi da ita: abincinsa yana hannun wanda yake koyo a wurinsa.

A nan labarin ke juyawa. Kamfanin da ya riƙe kashi 10 ko 30 na lungunsa, sannan gwamnati ta ƙara masa ƙarfi, ya zama wanda ba a iya ce masa a'a. A ce mai boris ya kashe shekara biyu da rabin jarinsa ya gyara kayansa daidai da zanen ƙaton. Boris ɗin nan mai lanƙwasuwa ba shi da wani mai saye a unguwa. Ranar sabunta kwangila, ƙaton ya san haka, sai ya nemi ragi. Ko ya ɗauki zanen da suka gyara tare ya kai wa wani mai boris na biyu, don kada ya dogara da mutum ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe ba zai sake zuba kuɗinsa cikin gwaji ba. Zai yi daidai abin da ke cikin zane, ba ƙari. Akwai kuma hanyar da ta fi wannan sauƙi: ƙaton da ya tara kuɗi a kasuwar hannayen jari yana iya sayen tanderunsa, ya ɗauke ƙwararrun ma'aikatan mai kawo masa kaya da albashi mafi tsoka, ya riƙa yin guntun da kansa. A lissafin ƙasa, fasahar ta shigo gida. A lissafin mai kawo kaya, an rufe masa ƙofa.

Bai kamata a ɗora wa ƙananan ƙattan laifin duka ba, don su ma a tsakiya suke. Yawancinsu ba sa sayar wa ni da kai; manyan kamfanonin mota, na batir da na lantarki suke sayar wa. A Nuwamban 2024 wata wasiƙar kamfanin motoci na BYD ta fita fili, yana neman masu kawo masa kaya su rage farashi da kashi 10 cikin 100 daga farkon 2025. Kamfanin ya ce tattaunawar shekara-shekara ce, ba tilas ba. Sinawa suna kiran irin wannan gasar karya farashi neijuan, gasar da kowa ke ƙara gudu amma babu mai yin gaba. Idan babba ya danne na tsakiya, na tsakiya na ƙasa zai danne. Dukan da aka yi a sama, a bayan mai narka ƙarfe yake sauka.

Mafi munin dannewar ba a farashi take ba, a ranar biya take. An saba a masana'antun Sin a karɓi kaya yau, a biya bayan wata huɗu ko shida, wani lokaci ma ba da tsabar kuɗi ba, da takardar alkawarin biya wadda sai ta ƙara wasu watanni kafin ta nuna. Mai buƙatar kuɗin albashi sai ya kai takardar a saya a hannunsa da ragi. Ma'anar wannan ita ce ƙaramin kamfani, wanda bashin banki ya fi yi wa tsada, shi ke ranta wa babba kuɗi ba ruwa. Mutumin da ke lissafin yadda zai biya wuta da ma'aikata a ƙarshen wata ba zai ware tanderu ɗaya na mako guda don gwajin da ƙila ya lalace ba. Ina ganin duk wanda ya taɓa riƙe shago, ko na ɗinki ne, ya san yadda bashin da bai dawo ba ke kashe wa mutum zuciyar gwada sabon abu.

Wani zai ce, ai akwai alƙaluma, a duba ko masu kawo wa ƙattan kaya sun ƙara samun takardun mallakar fasaha. Ana dubawa, amma sai an yi hattara da abu uku. Ma'aikatar ba a makance take ɗiban kamfanoni ba, waɗanda suka riga suka yi fice take zaɓa, kuma kamfani mai kyau dama da masu kawo kaya masu kyau yake hulɗa. Raba tasirin tambarin daga ingancin da ke nan tun asali aiki ne mai wuya. Sannan bayanan wane ke sayar wa wane yawanci daga rahoton kamfanonin da ke kasuwar hannayen jari ake samunsu, inda ake bayyana manyan abokan ciniki biyar, sau da yawa ma ba tare da suna ba. Ƙaramar masana'anta mai ma'aikata arba'in a wajen garin Ningbo ba ta fitowa a wannan madubi, alhali ita ce ake tambaya a kanta. Na uku shi ne takardun kansu. Shekaru da dama larduna suna biyan kuɗi ga duk wanda ya nemi takardar mallakar fasaha, har abin ya zama sana'a, sai da hukumar kula da mallakar fasaha ta ƙasa ta ba da umarni a Janairun 2021 a daina biyan tallafin neman takarda zuwa tsakiyar shekarar. Kuɗin bincike ma haka. Wani nazari da Zhao Chen da abokan aikinsa suka buga a 2021, kan rangwamen harajin da ke sauke kamfanin fasaha daga kashi 25 zuwa 15 cikin 100, ya gano cewa kusan kashi 24 cikin 100 na kuɗin binciken da kamfanoni suka bayyana sauya suna ne kawai, an ɗauko kuɗin gudanarwa an rubuta shi a matsayin bincike. Inda aka sa ma'auni aka rataya masa lada, mutane za su koyi cika ma'aunin. Mai kawo kayan da ke fatan shi ma ya shiga jerin ƙattan wata rana yana da dalilin tara takardu ko da kayansa ba su sauya ba. Shi kuwa wanda ya gano yadda zai rage ƙazantar ƙarfe, sau da yawa ba ya neman takarda ko kaɗan, sirrinsa yake ɓoyewa.

Da a ce ni ake tambaya me za a auna, da na ce a duba ko mai kawo kayan ya samu sabbin masu saye ban da ƙaton, ko ribarsa ta ƙaru ko cinikin ne kawai ya kumbura, ko kayan da ake dawo masa da su sun ragu, da kuma kwana nawa kuɗinsa ke yi a hannun wani. Idan ciniki ya ninka, riba ta tsaya, kwanakin jira suka ƙaru, to aiki aka ƙara masa, ba ƙarfi ba.

Hukumomin Sin sun fara kama wannan bakin zare. Dokar tabbatar da biyan ƙananan kamfanoni ta fara aiki a Satumban 2020, aka ƙara mata ƙarfi daga 1 ga Yunin 2025: babban kamfani ya biya ƙarami cikin kwana 60 daga karɓar kaya, kuma kada ya tilasta masa karɓar takardar alkawari a madadin kuɗi. Cikin watan Yunin 2025 ɗin manyan kamfanonin mota, har da BYD da Geely, suka fito ɗaya bayan ɗaya suka yi alkawarin biya cikin kwana 60. Idan wannan ya tabbata a aikace, ina ganin zai yi wa ƙirƙira a ƙasan tsani amfanin da ya fi na kowace kyauta, domin yana mayar wa mutum kuɗinsa ne, ba sai ya cika fom ya jira a zaɓe shi ba.

Amma akwai giɓi. Dokar tana magana ne kan hukumomin gwamnati da manyan kamfanoni idan suka sayi kaya wurin ƙanana da matsakaita. A ma'aunin Sin, masana'antar da ma'aikatanta ba su kai 1,000 ba, ko cinikinta bai kai yuan miliyan 400 a shekara ba, tana cikin ƙanana da matsakaita, kuma nan ne ƙananan ƙattan suka fito. Dokar tana kare ƙaton daga kamfanin mota, amma ba ta ɗaure shi game da mai boris da ke ƙarƙashinsa. Japan ta bi wata hanyar. Dokarta ta 1956 kan jinkirin biyan ƙananan 'yan kwangila, wadda ita ma ta tsaya a kan iyakar kwana 60, ta yi matakai ne bisa girman jari, ta yadda matsakaicin kamfani mai jarin da ya wuce yen miliyan 10 yana shiga ƙarƙashinta idan ya ba da aiki ga wanda jarinsa bai wuce haka ba.

Ma'aikatar da ke ba da tambarin tana da hanyar toshe wannan giɓi ba tare da sabuwar doka ba, tunda duk shekara uku ƙaton yana dawowa gabanta da takardunsa. Tana tambayarsa kason kasuwarsa, bashinsa, kuɗin bincikensa da takardun mallakarsa. Da za ta ƙara masa layi biyu, kwana nawa yake ɗauka kafin ya biya masu kawo masa kaya, da kuma sunan wa ke kan zanen da suka gyara tare, da mai boris na wajen Ningbo ya san cewa shi ma an gan shi, ya kuma samu dalilin kunna tanderun gwaji.